Ƙugin amfilifayar jita mai kwalabe: me za ka saya, me zai cinye maka kuɗi a banza

Duk wanda ke kaɗa jita da amfilifaya mai kwalabe, wato bututun gilashi masu ƙara wa sauti ƙarfi, ya san wannan ƙugin da ke tashi da zarar kwalaben sun ɗau zafi. Kasuwa cike take da na'urorin da aka ce suna kashe shi, kuma yawancinsu suna aiki. Matsalar ita ce ƙugin yana da mafari daban-daban, kowace na'ura kuwa guda ɗaya take magancewa. Don haka kafin ka sa hannu a aljihu, yi gwajin da ba ya cin ko sisi.

Zare wayar jita daga amfilifayar, ka kunna ta ita kaɗai. Idan ta yi shiru, lafiyarta ƙalau, laifin yana jikin jita, waya ko fedal, wato ƙaramin akwatin sarrafa sauti da ake takawa da ƙafa. Idan ƙugin yana nan, murɗa murya zuwa ƙarshe ƙasa. In ya ɓace, daga sashen farko yake fitowa, wajen ƙananan kwalabe. In ya tsaya daram, zargi ya koma kan sashen wuta da manyan kwalabe. Sannan ka kasa kunne ga kaurin sautin. Wutar Najeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60. Danna tsirkiya mafi kauri a gaɓa ta uku ka kaɗa, za ka sami sauti mai juyi kusan 98. Ƙugin da ya yi kusa da wannan na juyi 100 ne, alamar kafasitocin tace wuta sun gaji. Wanda ya fi shi zurfi sosai na juyi 50 ne, kuma ya fi zuwa daga maɗaukin sauti da ke ƙarƙashin tsirkiyoyin jita, wayar at mai kai wuta ƙasa, ko wutar da ke ɗumama kwalabe.

Idan jita ce mai laifi, fara da wayar da ke haɗa ta da amfilifaya. Ita ce mafi araha, ita ce kuma ta fi saurin lalacewa. Bayan ta sai maɗaukin sauti. Mai naɗi ɗaya, irin na Stratocaster da Telecaster, yana jawo ƙugi daga taransifoma da fitilu bisa ɗabi'arsa, shi ya sa za ka ji ƙugin yana raguwa ko ƙaruwa idan ka juya jikinka. Manna tef ɗin tagulla a cikin ramin jita yana rage ƙarar zizar da ke lafawa idan ka taɓa tsirkiya, amma ba ya taɓa ƙugin mai zurfi sosai. Wannan sai humbucker, mai naɗi biyu da ke soke ƙugin juna, wanda Seth Lover ya ƙera wa Gibson, aka fara sa shi a Les Paul a 1957. Sai dai yana sauya muryar jita, ta yi kauri ta rasa wannan kaifin da makaɗan Agadas da yawa ke so. Mai Stratocaster ya gwada matsayi na biyu da na huɗu a makunnin zaɓen maɗaukin sauti kafin ya sayi komai, domin a yawancin na zamani waɗannan biyun suna soke ƙugi.

Fedal mai toshe ƙara, irin Boss NS-2 ko ISP Decimator, yana rufe hanya ne idan ka daina kaɗawa, ya buɗe idan ka kaɗa. Ƙugin na nan, an dai lulluɓe shi ne, kamar mai share ɗaki ya tura shara ƙarƙashin tabarma. Ga mai kiɗa da ƙarfi a dandali yana da amfani, amma ƙugin da ke tasowa daga sashen wutar amfilifaya ba ruwansa da shi. Idan kuwa fedaloli da yawa ne ke shan wuta daga caja ɗaya ta hanyar waya mai rassa, gwada su da batir ɗaya bayan ɗaya. In sun yi shiru, abin da kake bukata shi ne akwatin wuta mai ware kowace kafa, kamar Voodoo Lab Pedal Power 2 Plus.

Akwai ƙugin da ba ya zuwa sai an haɗa amfilifaya da wata na'ura, ko amfilifaya ta biyu ko mikisa a wurin biki. Na'urorin biyu kowace tana da hanyarta ta at, wayar sauti kuma ta haɗa su, sai wuta ta riƙa zagayawa. Jona su a soket ɗaya kan isa wani lokaci. In bai isa ba, ana sa akwati mai ƙaramar taransifoma a kan wayar sauti: Ebtech Hum Eliminator tsakanin na'urori, Lehle P-Split ga mai raba jita ɗaya zuwa amfilifaya biyu, ko Radial ProDI mai maɓallin ɗage at ga mai aika sauti zuwa mikisa. Abin da ba a yi shi ne karya ƙafar at ta filogi, ko da mai sitidiyo ya rantse haka kowa ke yi. Tsirkiyar jita a haɗe take da jikin amfilifaya, kai kuma kana riƙe da ita. Les Harvey na ƙungiyar Stone the Crows wuta ce ta kashe shi a kan dandali a Swansea a 1972, da ya taɓa makirufo marar at.

Yanzu ga inda kuɗin gaske yake, wato cikin amfilifayar. Ƙananan kwalabe yawanci 12AX7 ne, wanda Turawan Turai ke kira ECC83. Kashe wuta, ka bari su huce, ka musanya ta farko da wata irinta a jikin amfilifayar. In ƙugin ya sauya, ka kama ɓarawon, sai ka sayi guda ɗaya tak. JJ ta Sulobakiya, da Tung-Sol da Electro-Harmonix da ake yi a Saratov ta Rasha, duk suna aiki. Ban ga dalilin biyan ninkin kuɗi a kan tsohuwar kwalba ta shekarun 1960 don maganin ƙugi kawai ba. Manyan kwalabe, 6L6 ko EL34 ko EL84 ko 6V6, ana sayensu ne biyu ko huɗu da aka auna suka yi daidai, domin idan ɗaya ta fi ɗaya jan wuta, sokewar ƙugin da suke yi wa juna ta lalace. Yawancin amfilifayoyi kuma suna bukatar mai gyara ya daidaita musu wuta bayan an sa sababbi. Ƙananan amfilifayoyi masu babbar kwalba ɗaya, irin Fender Champ, ba su da wannan sokewar tun asali, ɗan ƙuginsu gado ne.

Kafasitocin tace wuta suna bushewa da shekaru, zafin ƙasarmu kuma yana gaggauta musu. Amfilifayar da ta haura shekara ashirin ba a taɓa sauya su ba, tana ƙugin juyi 100 ko da murya a rufe, babu fedal ko akwatin da zai cece ta. Kayan kansu, irin F&T na Jamus ko Sprague Atom, ba su kai kuɗin aikin ba. Kuma aikin na gwani ne, saboda suna riƙe da wuta mai ƙarfin bolt 400 zuwa 500, wani lokaci har bayan an zare filogi. Tunda an buɗe, roƙi mai gyaran ya duba layin bolt 6.3 mai ɗumama kwalabe. Rizisto biyu na ohm 100 da ke daidaita shi kan ƙone, farashinsu kuwa bai taka kara ya karya ba.

Na bar akwatin tace wutar soket a ƙarshe da gangan, domin shi aka fi saya kuma shi ya fi ba da kunya. Yana kare na'ura daga wutar da ta zo da ƙarfi, yana rage ɗan tsaki, amma ƙugin juyi 50 shi ne wutar kanta, ba zai tace shi ba. Sitabilaiza ma gyara hawa da saukar wuta kawai take yi. Ga mai aiki da janareta ko sola, inbata mai fitar da wuta sumul irin ta layi ta fi duka biyun amfani, don inbata mai araha tana sa taransifoma ziza da zafi. Wanda kuma ya sayi amfilifaya ta hannu daga Amurka mai bolt 120, ya nemi taransifomar rage wuta mai ƙafar at, wadda ƙarfinta ya ninka abin da amfilifayar ke ja, ya ajiye ta nesa da jita da amfilifayar gwargwadon tsawon waya.