Shayin da na sha a lambun Japanawa na San Faransisko

Shekara 20 ke nan ina rainon dashen itatuwa a bakin kogin Kubanni a Zariya, shi ya sa da na je wurin 'yata a Amurka ba ta tsaya tambayata ba. "Baba, yau lambu za mu," in ji ta. Sai ga mu a Japanese Tea Garden, cikin gandun shaƙatawa na Golden Gate.

Rumfar shayin a buɗe take, a bakin tafki, kana zaune kifaye masu ja da fari suna kai da komo a gabanka. Shayin kore ne, ba madara ba sukari, da ɗan ɗaci. Wanda ya saba da haɗin kaurin mai shayin Kwangila zai yamutsa fuska. Ni sai a kurɓa ta uku na kama daɗinsa. Masu hidimar ba sa gaggauta mutum, kuma wannan ya fi min komai, domin itatuwan nake son kallo.

Ni na san aikin almakashi. Wasu itatuwan ba su wuce ƙirjina ba, amma gindinsu ya nuna sun girme ni. Kowane reshe an tanƙwara shi da gangan, shekara bayan shekara. Da na tambaya wa ya tsara lambun, aka ce wani Bajapane ne, Makoto Hagiwara. An kafa wurin don wani baje koli da aka yi a 1894, shi ya karɓe shi, ya faɗaɗa shi zuwa kusan eka 5, ya zuba dukiyarsa a ciki har ya rasu a 1925. Iyalinsa suka ci gaba. A 1942, lokacin yaƙin duniya na biyu, aka kwashe su zuwa sansanin tsare Japanawa, aka rushe gidansu, har sunan Japan aka cire daga lambun. Sai 1952 aka maido da sunan. Su kam ba a mayar da su ba.

Wallahi da na ji haka sai na ajiye kofin. Na tuna mangwaron da na dasa da hannuna a Samaru, na ƙiyasta a ce wata safiya an hana jikokina shiga inuwarsa.

Ana biyan kuɗin shiga, kuma ya cancanta. Ku je da sassafe kafin jama'a su cika. Gadar nan mai doro kamar rabin ganga hawanta sai ka ce tsani. Mai ciwon gwiwa ya zagaya ta gefe.