Yinin da na yi a tsibirin Tiritiri Matangi

Tun ba mu shiga jirgin ruwa ba a birnin Okland na ƙasar New Zealand, don zuwa wannan tsibiri da aka keɓe domin kare tsuntsaye, aka sa kowa ya buɗe jakarsa ya zazzage, ya kankare ƙasan takalminsa da buroshi. Abinci sai a mazubi mai murfi. Wata mata da ta zo da nata a buɗaɗɗiyar leda sai da ta sake masa wuri. Da farko na ga kamar tsananin ya yi yawa. Kafin yamma na gane cewa wannan binciken shi ne ginshiƙin duk abin da na biya kuɗi na zo gani, domin ɓera guda mai ciki ko ƙwayar iri a maƙale a safa ta isa ta rushe aikin shekaru.

Tafiyar ta ɗauki sa'a ɗaya da 'yan mintoci. Shawarata, ka ƙara ɗan kuɗin jagora. Namu dattijo ne ɗan sa-kai, bai gaggauta mu ba ko kaɗan. Ya ce tsibirin, mai faɗin hekta 220, ya fi shekara 100 ana kiwo a kansa har ya kusa zama fili fetal. Daga 1984 zuwa 1994 masu sa-kai suka dasa itatuwa sama da 250,000, a 1993 kuma aka zuba gubar ɓera daga helikwafta, aka gama da ɓerayen. Bayan haka tsuntsaye suka samu sakewa.

Kuma wallahi kukansu ya cika kunne. Na ga tsuntsayen da ake kira tīeke da hihi kusa da hannuna, na tsaya cik ina kallon takahē tana kiwo a ciyawa kusa da hasumiyar fitila, tsuntsuwar da aka ɗauka ta ƙare a duniya sai da aka sake ganinta a 1948. Idona ya ciko.

Amma inda dattijon ya fi burge ni shi ne da ya tsaya kan maganar ciyayi. Ɓera ana iya gamawa da shi, in ji shi, ciyawa kuwa kullum tana dawowa. Ya kwatanta mana wata mai yaɗo 'yar asalin Kudancin Amurka, mai farin ruwa kamar nono, wadda iska ke kwaso irinta mai gashi daga babban yankin ƙasar da ke ƙetaren ruwa, ta hau ƙananan itatuwa ta shaƙe su. Mutane ke bin gangaren duwatsu suna tuge ta tun ba ta yi 'ya'ya ba. Aiki ne da ba wanda ke ɗaukar hotonsa.

Ka tafi da abincinka da rigar ruwa, ba a sayar da abinci a can, kuma sharar ka da kai za ta dawo. Tsuntsuwar kiwi da dare take fitowa, don haka zuwa na gaba zan nemi wurin kwana.