Sharhi: dakon barewa a fadamar Dorchester, masu harbin agwagi na gefe

Ga mai tunanin biyan kuɗin masaukin mafarauta a gabashin jihar Maryland ta Amurka, abu na farko da ya kamata ya sani shi ne yawancin masu irin wannan sana'a ba barewa kaɗai suke sayarwa ba. Fili ɗaya ne, ana karɓar masu dakon barewa, ana kuma karɓar masu harbin agwagi da dinya, sau da yawa a rana ɗaya. Na sauka a ɗaya daga cikinsu a yankin Dorchester a ƙarshen watan Disamba, kuma hukuncina shi ne kuɗina bai tafi a banza ba. Akwai dai sharaɗi, kuma a kansa zan fi tsayawa.

Kafin in biya kuɗin kama wuri, wani aminina ɗan Damagaram da muke zaune gari ɗaya ya ja ni gefe. Ya ce, "Alhaji, kada ka zubar da kuɗinka. Wace barewa ce za ta tsaya inda ake ruwan harsashi tun asuba?" Maganarsa tana da kan gado, domin mai harbin agwagi ba ya ɓoye kansa da shiru. Doka ta ba shi damar fara harbi rabin sa'a kafin fitowar rana, daidai lokacin da mai dakon barewa ya fi sa rai. Bindigarsa ba ta wuce harsashi uku a ciki, amma idan mutum huɗu suka tashi wa garke ɗaya, sai ka ji kamar an buɗe fagen daga. Ƙara kuma tana tafiya nesa a kan ruwa, musamman da sanyin safiya.

Wurin kansa yana da ban sha'awa. Ana ƙetare gadar Chesapeake, a bi hanya mai lamba 50 zuwa garin Cambridge a bakin kogin Choptank, sannan a gangara kudu inda tudu ke ƙarewa fadamar ruwan gishiri ta fara. Nan ne gandun namun daji na Blackwater yake, wanda gwamnatin tarayya ta kafa a 1933 saboda tsuntsayen da ke yin ƙaura. Abin da ke jawo mafarauta daga jihohi masu nisa shi ne barewar sika, 'yar asalin Japan. Wani mutum mai suna Clement Henry ne ya saki 'yan kaɗan a tsibirin James a 1916, suka ƙetara ruwa, suka hayayyafa, yau sun zama 'yan gida a fadamun. Ƙanana ne, babban namiji bai cika wuce kilo 40 da ɗan abu ba, launinsu ya yi duhu da sanyi, kuma sun fi yawo da dare. Suna kwana cikin wata ciyawa da ake kira phragmites, wadda ta fi mutum tsawo, ta kuma yi cunkoson da kare ma sai ya yi da gaske yake ratsa ta. Barewa mai farar wutsiya, wadda aka sani a ko'ina cikin Amurka, ita ma tana nan, amma ta fi son tudu da gefen gonaki.

Na je ne a zangon bindigar toka na ƙarshen shekara. Ta nan an ƙawata ta da madubin hange, amma ɗurin ta baki ne, harbi ɗaya sai ka sake ɗurawa, don haka ba a yi mata gaggawa. Wannan zangon yana cin karo da tsakiyar lokacin agwagi. A shekarar da na je, makonni biyu na babbar farautar barewa da bindiga, waɗanda ke farawa ranar Asabar bayan Thanksgiving, bikin godiya na Amurkawa a ƙarshen Nuwamba, an rufe farautar agwagi a cikinsu. Wanda ya zo a waɗannan makonni ba shi da wannan damuwa. Masu kwari da baka da mu masu bindigar toka ne muke raba fadama da su.

Ga abin da na gani da idona. Wurin dakona kujerar ƙarfe ce a kan tsani, an ɗaure ta a jikin bishiyar pine a wani ɗan tsibirin tudu. Bukkar masu agwagi tana can bakin wani tafki, ina hango hasken fitilarsu suna jera agwagin roba a kan ruwa don jawo na gaske. Gari ya fara wayewa sai ga barewa mace ɗaya da ɗanta sun fito daga ciyawa, suna taka ruwan da bai kai musu gwiwa ba, ƙanƙarar saman ruwan tana fashewa a hankali. Ana cikin haka aka buɗe wuta daga tafkin. Uwar ta ɗaga kai, ta juya kunnuwa biyu wajen ƙarar, ta tsaya cak kamar na numfashi uku. Sai ta sunkuya ta ci gaba da kiwo. Ɗan kuwa ko ɗaga kai bai yi ba. An sake harbi, an sake, kunne ɗaya kawai take karkatarwa. Abin ya tuna mini akuyar bakin tasha da ƙahon mota.

Dalilin a fili yake. Waɗannan dabbobi sun tashi cikin wannan ƙara. Lokacin agwagi a wannan ɓangare na Amurka kwana 60 ne a shekara, kuma bukkokin ba sa tashi daga inda suke. Ƙarar tana fitowa daga wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, kuma ba ta taɓa biyo barewa cikin ciyawa ba. Harsashin agwagi ƙananan ƙwayoyi ne, galibi na ƙarfe tun da aka haramta na dalma a faɗin ƙasar a 1991, ba sa cin nisa, sama kuma ake harba su. Barewa da hanci take gane haɗari, sannan da motsin da ba ta saba da shi ba.

A nan ne masaukin ya gaza sau ɗaya, kuma gazawar ce ta nuna mini inda matsalar take. Wata safiya wasu baƙi masu agwagi suka makara. Maimakon a bi da su ta mashigar da aka saba, sai yaron da ke tuƙa su ya yanke ta ƙoramar da ke wucewa dab da tsibirina, da kwalekwale mai injin ratsa laka, wanda ƙararsa ke shiga har cikin haƙori. Fitila tana haska ciyawa, suna hira da ƙarfi, sannan suka tsaya a gefen tudun suka saki kare ya yi bawali. Iska tana kaɗowa daga wajensu kai tsaye zuwa makwancin barewa. Ranar ban ga ko wutsiya ba, safe da yamma. Na yi fushi sosai, domin na biya kuɗi ne a kan wannan wurin, kuma mutanen gidan sun san ina ciki.

Mai masaukin bai yi gardama ba. Ya ɗauko wayarsa ya nuna mini hotunan kyamarorin da ya ɗaure a bishiyoyi, masu ɗauka da kansu idan abu ya gifta, kowane hoto da rana da sa'a a ƙasansa. A lokacin an hana farautar agwagi ranar Lahadi a Maryland, don haka kowane mako akwai ranar shiru da za a gwada da sauran. Mun zauna mun bi hotunan. A wuraren da ake shiga ta tudu, ba ka iya bambanta Lahadi da Laraba. A tsibirina kuwa, bayan wucewar kwalekwalen nan, barewar ta koma fitowa sai tsakar dare, aka ɗauki ɗan lokaci kafin a sake ganinta da haske. Hotunan gona ɗaya ne, ba binciken masana ba, amma sun yi daidai da abin da na gani daga kan bishiya. Washegari ya canza mini wuri ba tare da ƙarin ko sisi ba, ya kuma hana bin wannan ƙoramar. Wannan ya wanke shi a wurina.

Akwai wani abu da doka ta yi wanda ke taimaka wa mai dakon barewa ba da niyya ba. A Maryland an halatta zuba wa barewa masara a filin da yake mallakar mutum, kuma masu sika suna yin hakan sosai. Harbin agwagi a kan hatsin da aka zuba kuwa laifi ne a dokar tarayya, har ma wurin yana nan a matsayin haramtacce kwana 10 bayan an kwashe hatsin. Saboda haka duk mai masaukin da ke tsoron jami'an gandun daji dole ya nisanta wurin masararsa da bukkokin agwagi. Idan ka je ka tarar da su kusa da juna, to kana hannun mutumin da bai san aikinsa ba, ko bai damu ba, gara ka nemi kuɗinka.

Abin da ya fi harbin agwagi tasiri a kan fitowar sika, a ganina, shi ne ruwa. Idan teku ta cika ta shigo fadama, sai su hau 'yan tsibiran tudu, nan ne rabonka yake. Idan iskar arewa maso yamma ta yi ƙarfi ta kore ruwan, sai su baje cikin ciyawa inda ba ka ganinsu. Jagoranmu ya san wannan kamar yunwar cikinsa, kullum da jadawalin cika da janyewar teku yake zaɓa mana wuri. Da yamma kuma akwai wata 'yar dama: masu agwagi dole su daina harbi da faɗuwar rana, mai barewa kuma yana da ƙarin rabin sa'a. A cikin wannan rabin sa'a na samu nawa, namiji mai ƙaho mai rassa uku a kowane gefe. Na yi bisimilla na harba, na sauko da sauri na same shi da sauran rai, na yanka. Naman sika ya fi na mai farar wutsiya laushi, ba shi da ƙarni, iyalina sun yi tsire da cinya ɗaya.

Ta fuskar masauki, ɗakuna masu tsabta ne, akwai ɗumi, akwai wurin shanya wandon robar shiga ruwa, wanda ba ka iya taɓuka komai a fadamar nan ba tare da shi ba. Na gaya musu tun a waya cewa ba na cin naman alade, suka kiyaye, har da ware mini kasko. Kifi da miyar ƙaguwa suka fi ba ni. Sallar asuba ma ba ta zama matsala ba: da na yi wa jagoran bayani, sai ya riƙa tsayawa a mashigar jirgi in yi sallata a kan katako kafin mu shiga. Rigar nan mai ruwan lemu da doka ta wajabta wa mai farautar barewa da bindiga, su suka ara mini.

Inda na rage musu maki shi ne shafinsu na intanet bai faɗi ko'ina cewa ana harbin agwagi a filin ba, sai da na tambaya. Mutum yana da haƙƙin ya sani kafin ya biya. Duk wanda zai je, ya tambaye su ta ina masu agwagi ke shiga, da ƙarfe nawa, kuma ko hanyarsu tana ratsa ɓangaren da iska ke kaɗowa zuwa wurin dakonsa. Idan suka ba da amsa dalla-dalla, har da sunayen ƙoramu, to mutanen kirki ne. Idan suka ce kada ka damu kawai, ka nemi wani wuri.

Na riga na nemi gurbi a watan Oktoba, lokacin da mazan sika ke barbara suna wani irin fito mai tsini da ake ji daga nesa. Na kuma gaya musu wurin da nake so: na bayan gonar waken soya, wanda ake shigarsa da ƙafa ta tudu.