Sharhi: Kundin zanen Thomas Nast a kan ubangidan siyasar New York

Daga wani shago na intanet na yi odar wannan kundi, kuma kuɗina bai tafi a banza ba. Zanen barkwancin Thomas Nast ne da suka fito a mujallar Harper's Weekly, aka sake buga su a takarda mai kauri. Yawancinsu na 1871 ne, lokacin da ubangidan siyasa William Tweed da ƙungiyar siyasarsa ta Tammany Hall suka shaƙe wuyan birnin New York. Su ke raba kwangila, su ke ba da aiki, su ke ƙirga ƙuri'a.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na Tweed jingine da akwatin zaɓe, ga uban tumbi, ga ƙaton lu'ulu'u yana walƙiya a ƙirjin riga. A ƙasa Nast ya sa masa magana a baki: muddin shi ke ƙirga ƙuri'u, me za ku iya yi? Ranka zai ɓaci, domin babu alamar tsoro ko kunya a fuskar. A wani zanen kuma an cire wa Tweed kai gaba ɗaya, an ɗora buhun kuɗi mai tambarin dala. Sai na tambayar wa ya sace kuɗin jama'a: an jera Tweed da muƙarrabansa a da'ira, kowa yana nuna na kusa da shi da yatsa. Ko ba ka jin Turanci za ka gane, kuma ƙarfin Nast ke nan, tunda da yawa daga masu zaɓen Tammany ba sa karanta jarida. Jaridar New York Times ta fallasa alƙaluman satar a Yulin 1871, Nast kuwa ya ba satar fuska. Tweed ya tsere daga tsare a 1875, aka cafke shi a Sifen a 1876, ya mutu a kurkuku a 1878.

Inda masu kundin suka gaza shi ne bayani. Babu ko sakin layi da zai gaya maka su wane ne ke kewaye da Tweed, ko me ya sa damisa ke wakiltar Tammany. Ƙananan rubuce-rubucen da ke jikin allo da bango ma sun dushe, sai da na kara wayata na zuƙo su.

Abin da ya fi damuna, sun saka zanen da Nast ya siffanta baƙi 'yan Ailan mabiya Katolika da kamannin birai, ba tare da cewa uffan ba. Wannan ƙyama ce tsagwaronta, kuma waɗannan baƙi talakawa ne da suka bi Tammany saboda ita ke sama musu aiki da gawayin ɗumama ɗaki. Bai kamata a miƙa wa ɗalibi wannan shafi babu gargaɗi ba.

Malaman tarihi da masu zane za su more shi sosai. In za ku saya, ku nemi babban bugu, don ƙaramin yana cinye siraran layukan zanen.