Ragar walda mai idon rabin inci a gindin akurki: ta biya kuɗinta, in an kwantar da ita

Ragar da nake nufi ita ce mai ido murabba'i, wadda aka haɗa wayoyinta da walda, kowane ido rabin inci, wajen milimita 13 ke nan. A naɗe ake sayar da ita a shagunan kayan gini, kuma mai faɗin mita 1 ta fi dacewa da wannan aiki. Na sa ta a gindin akurki, ta ga rani ta ga damina, kuma ina ba 'yan'uwa masu kiwo shawarar su saya. Sai dai a irin baƙar ƙasarmu ta Gadarif, Sinnar da Mai Wurno a Sudan, shimfiɗa ta ake yi a kwance. Binne ta a tsaye wahala ce mai yawa da amfani kaɗan.

Ragar kaji da muka saba da ita, mai ido kusurwa shida, murɗa wayarta kawai aka yi. Kare in ya sa haƙori ya fizga, murɗin ya saki, ido ya buɗe har tunku ya wuce. A ƙasa kuwa ba ta daɗewa tsatsa ta cinye ta. Ta walda ta fi ta tsada sosai, balle tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 kayan da ake shigo da su suka yi tashin gwauron zabo. Amma mita 13 zuwa 14 sun isa ƙaramin akurki, ba sai an sayi naɗi guda ba.

Dalilin kwantar da ita yana cikin ƙasar kanta. Baƙar laka da rani darewa take yi, tsaga har hannu ya shige, zurfinta ya wuce kamu. Da ruwan Yuli da Agusta ya sauka sai ta kumbura ta rufe. Ramin da ka haƙa ka binne raga ka mayar da ƙasa, nan ne wuri mafi rauni a duk filin: tsaga tana bin layinsa, ƙasar cikin tana da laushi, kuma wannan buɗewa da rufewa yana jan ragar yana lanƙwasa ta har ta rabu da katakon da aka kafe ta. Ga kuma aikin diga a busasshiyar laka, wanda duk mai gona ya san daɗinsa babu. Shi kuwa mai tono, kare ne ko dila ko yanyawa, a jikin bango yake fara haƙa, inda yake jin warin kaji. In faratansa suka ci karo da waya sai ya matsa gefe ya sake gwadawa a jikin bangon dai. Ba ya ja da baya rabin mita ya faro rami daga can.

Ga yadda ake yi. A share kewayen akurkin, a kankare ƙasa zurfin santimita 5, faɗin santimita 60. A lanƙwasa ragar a tsawonta a kan gefen katako: santimita 40 su hau jikin akurkin, 60 su kwanta a ƙasa suna kallon waje. Kada a yanka ta gida biyu a ɗinke a kusurwar, don daidai nan dabba take sa ƙarfinta. Ɓangaren sama a kafe shi duk bayan santimita 15, da ƙusa mai washa (ɗan faifan ƙarfe mai huda) a ƙarƙashin kanta ko a danne da siririn katako, domin ƙusa tsurarta ragar zamewa take ta bar ta. In ginshiƙan na ƙarfe ne, a ɗaure da waya. Ɓangaren ƙasa a danne shi da turaku na rodi mai milimita 6, a lanƙwasa kansu kamar ƙugiya, tsawon santimita 30, ɗaya duk rabin mita. Gajeren turke laka tana tofo shi waje da damina.

Akurki mai mita 3 da mita 2 kewayensa mita 10 ne. Kusurwoyi huɗu kowace tana barin fili babu raga, santimita 60 da 60, kuma mutane da yawa nan suke mantawa. A yanko gutsure a rufe su. Duk inda raga biyu suka haɗu, ɗaya ta hau ɗaya da santimita 10, a ɗinke da waya. Bakin ƙofa a zuba masa dandamalin siminti ko a jera jan bulo da siminti, ragar ta shige ƙarƙashinsa, kuma tazarar ƙofa da dandamali kada ta kai yatsa.

A rufe da tsakuwa ko ƙasar da aka kankare. Ban yarda da jera bulo ko faifan siminti a kan ragar har bakinta ba. Dabba tana ɗaukar bakin bulon a matsayin bango, ta fara tono daga can, ta shige ƙarƙashin komai.

Wajen saye a buɗe ido, don iri biyu ne a kasuwa kuma kamarsu ɗaya daga nesa. Akwai wadda aka shafa wa wayarta zinki, ƙarfen da ke hana tsatsa, kafin walda. Wutar walda ta ƙone shafin a kowace mahaɗa, tsatsa kuma daga nan take kamawa. Akwai wadda aka tsoma a narkakken zinki bayan walda. Ita launinta toka-toka ne, ba ta ƙyalli, in ka duba mahaɗar za ka ga ɗan tudu kamar an ɗiga dalma. Ita ce ta shimfiɗawa a ƙasa. Mai sheƙi sosai shafinta siriri ne, a bar ta wa taga. Kaurin waya kada ya gaza milimita 1. Ka kama ido ɗaya da filaya ka murɗa a gaban mai shago: in walda ta ɓalle nan take, ka ajiye. Kashin kaji da ruwan wanke akurki suna saurin cin zinki, saboda haka a karkatar da magudana kada ta kwanta a kan ragar.

Inda ta gaza kuma a faɗa. Ɓera da gafiya ba a jikin bango suke farawa ba, daga nesa suke zuwa ta ƙarƙashi, tsagar rani ma hanya ce gare su. Maganinsu daɓen siminti a ɗakin kwana, da kwashe dawa da dusa kafin magariba. Ƙananan ɓeraye da siririn maciji suna wuce idon rabin inci, don haka wurin 'yan tsaki yana son mai rubu'in inci. Dage, a ƙauyukan da ke bakin daji, yana iya yaga waya mai milimita 1, sai a ninka. Muzuru da tunku kuwa masu hawa ne, in saman a buɗe yake aikin ƙasa bai tsare su ba.

Bakin da aka yanka yana da kaifi, a sa safar hannu, a lanƙwashe tsinin ƙasa. Kada a shimfiɗa ta cikin fili inda kaji ke tono, tana yanka musu tafin ƙafa ya kumbura. Bayan ruwan farko mai ƙarfi da kuma tsakiyar rani a zaga a duba: inda tsakuwa ta zaizaye a ƙara, turken da ya ɗago a mayar da shi da guduma.