Makin gogewa: na kisan dodanni, na zinariya, ko na gaɓar labari?

Ɗan'uwanmu na Nima, wata unguwa a Accra, ya kawo tambaya a zaure. Shi ke jan wasan Dungeons & Dragons bugu na 5 wa mutum biyar, duk Lahadi daga bayan La'asar zuwa Isha'i. Wasan teburi ne da kowane ɗan wasa ke riƙe jarumi ɗaya a cikin labarin da mai jan wasa ke bayarwa. Damuwarsa biyu ce: 'yan wasansa duk abin da suka tarar sai sun kashe shi, ko mai gadin ƙofa ne, sannan wanda ke zuwa daga Kasoa, wani gari a wajen Accra, yakan rasa zama saboda cunkoson hanya, har jaruminsa ya zama na baya a mataki. Yana so ya san ko akwai wata hanyar ba da makin gogewa, wato XP, makin da jarumi ke tarawa don ya hau mataki ya ƙara ƙarfi.

Ɗan'uwa, akwai. Amma ka fara sanin cewa 'yan wasanka ba mugunta ke damunsu ba. Inda ka zuba hatsi nan kaji ke taruwa, kai kuwa a kan gawar dodo kake zubawa.

Duba lissafin da kake kai yanzu. A bugu na 5 na 2014, mataki na 2 yana buƙatar maki 300, na 3 maki 900, na 4 maki 2,700, na 5 kuma 6,500. Goblin ɗaya, wani ƙaramin dodo, maki 50 ne, kuma ana raba jimla tsakanin jarumai. Goblin huɗu 200 ke nan, kowa cikin biyar ya tashi da 40. Daga mataki na 4 zuwa na 5 kowa na neman 3,800, teburin gaba ɗaya 19,000, wato ogre, ƙaton dodo mai maki 450, sama da arba'in. Ga mutanen da ke da awa uku da 'yan kai a mako, an cire sallar Magariba da jiran shayi, wannan tafiya ce mai nisa, shi ya sa ba sa barin ko ɓera ya wuce. Abu biyu masu jan wasa ke yawan kuskurewa a nan. Littafin jagoran mai jan wasa na 2014 ya ce ana ba da maki idan an ci galabar dodo, ko ta kisa, ko ta kora, ko ta kamu, to wanda ya gudu ma a biya makinsa cikakke. Sannan ninkin da ake yi saboda yawan dodanni, kamar ninki biyu ga dodanni uku zuwa shida, na auna wuyar faɗa ne kawai, ba shi ake rabawa ba.

Sa wannan kusa da tsohon tsari. Tun fitowar wasan a 1974 daga hannun Gary Gygax da Dave Arneson, dukiya na kawo maki, kuma a bugun Basic na 1981 tsabar zinariya ɗaya maki ɗaya ce, idan an fito da ita lafiya. Ƙaramin dodo kuwa maki 10 kacal yake bayarwa, alhali mayaƙi na neman 2,000 kafin mataki na 2, ɓarawo 1,200, matsafi 2,500. Wa zai kashe dodanni ɗari biyu alhali akwati ɗaya a ƙarƙashin gadon sarkinsu ya fi su? Nan take teburi ke canja hali: a laɓe, a ba da cin hanci, a haɗa dodanni faɗa da juna, a kwashi kaya a gudu. Ga matsalarka ta farko, babu maganin da ya kai wannan saurin aiki.

Sai dai yana da ɗawainiya. Dole a riƙa lissafin nauyi, don a wancan bugun tsaba goma laba ɗaya ce, kuma rabin daɗin wasan shi ne tunanin yadda za a fito da dukiyar. Idan ka ɗora shi kan bugu na 5, kai ne za ka zauna ka zuba zinariya daidai da tsanin maki, 19,000 ɗin nan dai, kuma bayan 'yan matakai jarumai za su tara kuɗin da ba abin saya da shi. Wasu teburan suna gyara wannan da cewa sai kuɗin da aka kashe ke zama maki, a horo, ko gina gida, ko walima. Kuma idan labarinka na ceton gari ne ko rikicin fada, tsarin zai ja 'yan wasa su bar garin su tafi haƙa kaburbura.

Tsarin gaɓar labari shi ne mafi sauƙi: ba lissafi, in an kai wani muhimmin wuri a labari ka ce kowa ya hau. Ɗan Kasoa ya huta, don kowa tare yake hawa. Aibinsa ɓoyayye ne. 'Yan wasa ba sa ganin ci gabansu, sai su fara tambaya ƙarshen kowane zama ko sun hau, kuma su koyi cewa abin da mai jan wasa ya shirya kaɗai ke biya, su daina leƙa gefe. Idan za ka bi shi, faɗi gaɓoɓin a fili, uku ko huɗu, su zaɓi wadda za su bi. Ƙaninsa shi ne ƙidayar zama, wanda littafin jagora ma ya kawo: mataki na 2 bayan zama ɗaya, na 3 bayan wani, na 4 bayan biyu, daga nan biyu ko uku kowane mataki. Adalci ne, amma wanda ya yi bajinta da wanda ya kwana kan waya ladansu ɗaya.

Akwai kuma masu biyan faɗuwa. A Dungeon World, wani wasan irin wannan, ana jefa dayis biyu masu fuska shida, duk wanda ya samu 6 ko ƙasa ya faɗi, amma ya ci maki ɗaya, kuma ana hawa idan maki ya kai lambar matakinka da ƙarin 7. Ƙarshen zama a yi tambaya uku: mun gano sabon abu muhimmi game da duniyar? Mun ci galabar fitaccen abokin gaba? Mun samo dukiyar da za a tuna? Kowace "e" maki ɗaya ga kowa. Yana sa masu tsoro su yi kasada. Kada dai ka kwaso biyan faɗuwar zuwa wasanka mai dayis mai fuska ashirin, don jifa ya fi yawa a can, za ka ga mutum na roƙon ya jefa don buɗe ƙofar da ba a kulle ba. Tambayoyin uku kuwa suna shiga kowane wasa lafiya.

Ga teburinka, shawararmu ka ari tsanin wani wasan makamancinsa, Pathfinder bugu na 2 na 2019. Kowane mataki maki 1,000 ne, in an hau a cire 1,000 a ci gaba da ragowar, kuma ba a rabawa, abin da aka ci kowa ya samu cikakke. Faɗa mai sauƙi 60, matsakaici 80, mai tsanani 120, na fitar rai 160. Cimma buri ƙarami 10, matsakaici 30, babba 80. Ka ɗora lambobin faɗan kan matakan wuya huɗu da bugu na 5 na 2014 ke da su, kuma ka biya daidai ko an yi faɗan, ko an kauce masa, ko an sasanta.

Ga yadda Lahadi ɗaya za ta kasance: sun lallashi masu gadin gada maimakon sara, 80, sun gano wanda ke sayar da sirrin fada, 30, faɗa mai tsanani a rumbun hatsi, 120, ƙananan alkawura biyu da suka cika, 20. Jimla 250, zama huɗu mataki ɗaya, kusan wata guda. In ka ga suna tashi da ƙasa da 150 a kai a kai, burikan da ka shimfiɗa ne suka yi kaɗan, ƙara su, kada ka ƙara dodanni. Matakai biyu na farko ka ba su kyauta bayan zama ɗaiɗai, don an gina su ne a wuce da sauri.

Lamba ɗaya ce ta dukan teburin, saboda haka wanda motarsa ta maƙale a hanya bai rasa komai ba sai daɗin wasan ranar. Karanta musu abin da aka ci ɗaya bayan ɗaya kafin a watse, da dalilin kowanne, sannan ka tura jimlar a zaurenku na WhatsApp a daren. Ka sanar da canjin kafin a fara zama, kuma ka mayar da makin da suke da shi zuwa sabon tsani: wanda ya kai rabin hanya zuwa mataki na gaba ya fara da 500, ka ɗaga kowa zuwa lambar wanda ya fi yawa.