Dardumar Gargajiya ko Kafet na Zamani: Abin da Mai Saye a Sakkwato Zai Duba

Duk wanda ya shiga wajen masu sayar da kafet a Babbar Kasuwar Sakkwato zai ga kaya iri biyu a rataye: masu jan launi da zanen furanni da babban tambari a tsakiya, waɗanda ake kira na gargajiya, da kuma masu ruwan toka ko ruwan ƙasa da 'yan layuka kaɗan, waɗanda ake kira na zamani. Yawancin masu saye a kan wannan bambancin suke tsayawa, alhali zane ba ya nuna ko shimfiɗa za ta yi ƙarko. Abin da ya kamata a fara tambaya shi ne da wane zare aka yi ta, hannu ne ya saƙa ta ko inji, sannan a wane ɗaki za a shimfiɗa ta, domin akasarin dardumomin da ke ɗauke da zanen Iran a kasuwanninmu inji ne ya saƙa su da zaren roba, daidai da takwarorinsu masu zanen zamani.

Dardumar gargajiya ta ainihi ita ce wadda aka ƙulla da hannu, ƙulli bayan ƙulli, da zaren ulu a kan ginshiƙin zaren auduga, wani lokaci kuma da siliki. Garuruwan Tabriz da Kashan da Isfahan a Iran sun yi suna a wannan sana'a, haka ma Hereke a Turkiyya, kuma ana yin ta a Afganistan da Pakistan da Maroko. Guda ɗaya takan ci masaƙa watanni, shi ya sa kuɗinta ke da nauyi, amma ƙarkonta ba abin musu ba ne, tunda dardumar Ardabil, wata shahararriyar darduma ta Iran da ke ɗauke da kwanan wata na wajen 1540, har yanzu tana shimfiɗe a wani gidan tarihi a Landan. Gane ta ba ya buƙatar ƙwarewa mai yawa. A juya bayanta: za a ga zanen ya fito sarai kamar na gaba, ƙulle-ƙullen ba su daidaita tsaf ba, wani ya ɗan fi wani girma, kuma gezar da ke bakinta ci gaban zaren jikinta ce. A kafet na inji layukan baya a miƙe suke ba kuskure ko ɗaya, gezar kuwa ɗinka ta aka yi daga baya, kuma ana iya ganin ɗinkin. Idan mai rumfa ya ce saƙar hannu ce amma kuɗin bai wuce na sauran da ke rataye kusa da ita ba, to bayanta ya isa ya raba gardama.

Kafet na inji kuwa mafi yawansa daga Turkiyya yake fitowa, musamman birnin Gaziantep, sai Sin da Masar da Beljiyam, kuma ana saƙa wani a nan Najeriya. Zaren da aka fi amfani da shi shi ne na robar polifirofilin, wanda yake da alfanu na gaske: yana da sauƙin kuɗi, ba ya shan ruwa, asu ba ya cin sa, kuma launinsa ba ya zuba domin tun wajen narka robar aka cakuɗa shi. Aibinsa shi ne gashinsa yana kwantawa a wurin da aka fi takawa ba ya sake tashi, yana kama maiƙo, ta yadda ɗigon miyar manja ya fi na shayi wuyar fita nesa ba kusa ba, sannan yana narkewa da zafin da bai wuce digiri 160 da ɗoriya ba.

Wannan batu na narkewa ya fi shafar gidajenmu fiye da yadda masu saye ke zato. Ɗakin da ake yawo da kaskon turaren wuta safe da yamma, ko ba jima ko ba daɗe sai ƙwayar garwashi ta faɗo. Idan a kan roba ta sauka, nan take wurin zai narke ya zama baƙin dunƙule mai tauri wanda ba wankin da zai gyara shi. Idan a kan ulu ne, gashin zai ɗan babbake ya mutu da kansa, a goge tokar da buroshi, sau da yawa tabon da zai rage ba ya da yawa. Haka abin yake ga masu yin guga a ƙasa, waɗanda kan ajiye dutsen guga a gefen bargo ya zame kan kafet. Saboda haka a ɗakin uwargida, inda kasko ba ya rabuwa da wuta, ulu ya fi cancanta ga mai hali, wanda bai da shi kuma ya tanadi faranti mai faɗi a ƙarƙashin kaskon.

Babban alƙali dai a Sakkwato ita ce ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana shigo da ita ta kowace kafa, kuma ba a saman shimfiɗa take tsayawa ba, tana gangarawa gindin gashin inda tsintsiya ba ta kai wa, takun ƙafa kuma ya riƙa goga ta da zaren har ya cinye shi. A nan ne kafet na zamani mai dogon gashi mai laushi, wanda ke ɗaukar ido a hoto, yake zama wahala: wata ɗaya na hunturu ya isa ya dusar da shi, ga shi injin zuƙe ƙura sai da wutar lantarki. Kafet ɗin da ake malale ɗaki da shi bango zuwa bango ya fi muni a ganina, tunda ba a iya ɗaga shi, kuma idan zafin Maris zuwa Mayu ya zo, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, mutum ba abin da yake nema kamar sanyin tayil ko siminti a tafin ƙafarsa. Shimfiɗa mai gajeren gashi wadda mutum biyu za su iya naɗewa su fitar, su rataya a igiya su kakkaɓe, ta fi dacewa da garin nan ko wane zane ne a jikinta. Sai dai mai dardumar ulu ya san cewa ajiyarta na da sharaɗi: a tsabtace ta, ta bushe sosai, a naɗe da kafur saboda asu, a ɗora ta a kan wani abu saboda gara.

Akwai iri biyu da ya kamata a yi hattara da su. Na farko shi ne wanda aka cusa gashinsa a jikin yadi aka shafe bayan da gam aka lulluɓe da wani ƙyalle. Ana kiransa aikin hannu, amma a zafi irin namu gam ɗin yakan bushe ya riƙa zubar da farin gari. Na biyu shi ne mai sheƙi da ake sayarwa da sunan siliki alhali zaren biskos ne, wato silikin jabu da ake sarrafawa daga itace, wanda ruwa kaɗai kan bar masa tabo mai ruwan ɗorawa. Idan mai kaya ya yarda a ciri silin zare a ƙona, ulu da siliki suna warin ƙonannen gashi su bar tokar da ake murjewa, biskos yana warin ƙonanniyar takarda, roba kuwa narkewa take yi.

Kada kuma a manta cewa gargajiyarmu ta kusa tana da nata shimfiɗu. Tabarmar kaba a zaure ko a inuwar tsakar gida ba ta riƙe zafi kamar ta roba, buzu kuwa har yanzu malamai da dattawa suna zama a kansa, a ƙasar da jar akuyarta ta sa fatarta ta yi suna har ƙetaren Sahara.

Wajen launi, zanen gargajiya mai cunkoso yana ɓoye tabo, don haka ya fi dacewa da falon da ake cin abinci a ƙasa ko yara ke wasa, ko da na inji ne. Fari ko ruwan madara marar zane sai ɗakin baƙi da ba a cika shiga ba. Masu haɗa kayan ɗakin amarya sukan zaɓi kafet don ya dace da labule da kujeru, to amma su fara auna ɗakin, domin girman da aka fi samu shi ne santimita 160 da 230 ko 200 da 290, kuma ya kamata a bar tazarar tayil tsakanin shimfiɗa da bango. Kafin biyan kuɗi a lanƙwasa gefen kafet ɗin ta baya: idan gindin saƙar ya bayyana tsakanin gashin da sauƙi, saƙar ba ta cika ba, zai kuma yi saurin kwantawa. A goga farin ƙyalle mai ɗan danshi a kan jan launi a ga ko zai kama. Sannan a nemi a warware ainihin wanda za a tafi da shi gida a shimfiɗa shi ƙasa, ba samfurin da ke rataye ba, domin wanda ya daɗe a naɗe a sito yakan zo da lanƙwasa ko cin gara a bayansa.